Saƙon da Ya Riga Baba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koya wa manyan mata karatun boko a unguwarmu ta Hausawa a Inugu, kuma a cikin duk waɗanda suka bi ta hannuna babu wadda na yi alfahari da ita kamar Inna mai ƙosai. Babu kuma wadda na cuta kamarta. Karatun da na koya mata, da saƙon da na rubuta da yatsana, su suka hana ta ganin gawar ɗanta. Amma kafin in kai nan sai na fara da Baba, don da shi rigimar ta faro, tun Inna ba ta san akwai ni ba.

Baba aminin mahaifina ne. Tare suka sauko kudu da ƙuruciyarsu a bayan motar albasa, tare suka kama rumfa a kasuwar Ogbete, kuma tun da na buɗe ido Baba nake ce masa. Albasa yake sayarwa, sai dai ba da ita aka san shi ba. An san shi da kai saƙon mutuwa. Mu da ke zaune nesa da gida, wata mutuwar a Arewa ake yin ta labari ya sauko, wata a hanya take tare mutum, wata kuma a nan cikin ɗakunan hayarmu. Ko ta ina ta ɓullo, ba a tunkarar mai ita kai tsaye. Baba ake fara gaya wa, shi kuma ya ɗauki lemarsa ya kama hanya.

Yana da ƙa'idojinsa, ba wanda ya rubuta masa su. Ba ya faɗa wa mutum yana tsaye, ba ya faɗa wa mai jin yunwa. In mahauci ne, sai ya jira ya ajiye wuƙa ya wanke hannu. In ɗan okada ne, wato ɗan acaɓa, a lokacin da ake yin okada a gari, sai ya sa an kira shi cikin rumfa an karɓe makullin da wayo. Mace kuwa ba ya zuwa mata shi kaɗai, da Gwaggo yake tafiya, wata tsohuwa mai yi wa matanmu wankan gawa, kuma ko za a kwana ba zai buɗe baki ba muddin matar tana gaban wuta. Idan ya zauna sai ya ja gaisuwa har ka gaji: ya gida, ya yara, ya ruwa, ya kasuwa, yaushe rabonka da jin labarin gida. Daga nan ya roƙi ruwan sha. In an kawo ba ya sha, tura kofin yake yi kusa da mai gidan, sannan ya ce an ce jikin wane ya matsa. Sai ya yi shiru, ya bar mutum ya taka sauran hanyar da ƙafarsa.

Har Inyamuran da muke haya a gidajensu sun gane shi. Mai gidanmu, wata mace mai faɗa kamar ta ari baki, in ta hango lemarsa a lokacin da ba na ziyara ba, sai ta rage murya ta ce wa mahaifiyata, "Papa don come o. Na who?" Wato Baba ya zo, wa ya rasu? Mu yara kuwa leƙe muke yi mu ga ƙofar da zai tsaya.

Ranar da ya tsaya a tawa ina shekarar ƙarshe a wata kwalejin horar da malamai kusa da Anaca. Mahaifina ya cika bayan sallar asuba, ranar da zan rubuta takardata ta ƙarshe. Waya ta fara shigowa a lokacin, akwai ta a hannun matar da ke kula da ɗakin kwananmu, lambarta kuma tana rubuce da gawayi a bangon ɗakin mahaifiyata. Da an kira ni, da kafin hantsi na iso. Baba ya hana. Aka yi wanka, aka yi salla, aka kai shi, sannan ya ɗauki Gwaggo suka hau mota. Da na fito daga ɗakin jarrabawa wajen la'asar na tarar da su a gindin mangwaron bakin ƙofa. Ya ce kaya ya zo dubawa a kasuwar Head Bridge ya ga bari ya biyo. Ya saya mini shinkafa da miya, ya zaunar da ni a benci, na cinye tas ina ba shi labarin tambayoyin da suka fito. Sai da na sha ruwa na lura da jar ƙasar da ta manne a takalminsa, irin wadda ba a samu a kasuwa.

Mata ba ma zuwa maƙabarta. Abin da muke da shi ɗan lokacin nan ne da ake kiranmu ɗaki bayan an sa likkafani, mu durƙusa mu yi addu'a, mu ce mun yafe, mu kalli fuskar sau ɗaya. Wannan aka hana ni. A motar komawa Baba ya ce, "'Yar nan, shekara uku ubanki ba shi da hira sai ta takardar nan. Da na ɗauko ki daga tsakiyarta, me zan ce masa gobe kiyama?"

Na ce, "Takarda ana sake ta, Baba. Uba fa?"

Na ci jarrabawar, na zama malama, na yi aure a nan Inugu, na haihu, amma maganar nan ba ta bar ƙirjina ba. Ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Mahaifiyata takan ce da bakina na fara fitowa duniya kafin kaina.

Da safe yara nake koyarwa a firamaren unguwa, bayan la'asar kuma, in 'yan Islamiyya sun tashi, sai manyan mata su shigo su zauna a kan bencin jikokinsu. Nan Inna ta same ni. Ta haura hamsin, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana suyar ƙosai da dama koko a bakin kasuwar Artisan, wajen da motocin Arewa ke sauke kaya. 'Yan dako da masu tura baro su ne masu sayenta, sai 'yan gari da ke tsayawa su ce a ba su akara, sunan ƙosai a bakinsu. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, direban babbar mota, yana ɗauko albasa da tumatir daga Arewa. Shi ya sayo mata babbar waya ta shafawa, ta zo mini da ita a naɗe cikin leda biyu kamar kayan miya.

"Malama, ni ba wasiƙa zan rubuta wa gwamna ba," in ji ta. "Yaron nan in ya kira, ba na gane shi ne sai na ɗauka. Wani sa'in ina tsakiyar suya in goge hannu in ɗauka, ashe masu talla ne. So nake in ga sunansa in san shi ne."

Na ɗauki alli na ce to, mene ne sunan nasa? Ajin ya kwashe da dariya, Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Ɗan fari ne. Shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa kiran sunansa ba, daga yaron nan sai direba. Ni haihuwar Inugu ce, nawa ɗan farin da sunansa nake ƙwala masa kira tun daga bakin titi, shi ya sa abin ya shige mini duhu. Wata maƙwabciyarta ce ta raɗa mini sunan, na rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambaye ni ko rubutawa ma rashin kunya ne. Na ce a iya sanina kunya baki ta kama, ba ta kama hannu ba. Ta ce to madalla.

Sunan nan ne kalmar da ta fara iyawa, tun kafin ta san sunan baƙaƙen da ke cikinsa. Ta cika shafi da shi, ta juya ta cika wani. Daga nan sai kwaɗayin karatun ya kama ta. Ba ta da saurin ɗauka, ga ido ya fara rauni, amma ban taɓa ganin mai naci irinta ba. Da yatsa take bin layi, tana haɗa baƙi da wasali a fili, ta maimaita kalmar sau biyu kafin ta wuce. In ta kai ƙarshen jimla sai ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai magana. Duk wanda ya ce mini karatun tsofaffi ɓata alli ne, da Inna nake rufe masa baki.

Ni na buɗe wa matan guruf a waya, na kuma kafa doka: ba a saka murya, rubutu kawai. Na san halinmu, in aka bar mu da murya ba mai sake taɓa baƙi. Sanarwar suna, cigiyar akuya, ranar da tankar ruwa za ta shigo layi, duk sai an rubuta. Aka yi ta ce-ce-ku-ce a unguwa. Wasu mazan suka ce tun da matansu suka shiga guruf tuwo ke ƙonewa. Liman ya yi huɗuba a kan masu ɗaukar hoton hatsari suna yaɗawa maimakon su kai ɗauki, washegari aka yaɗa huɗubar tasa a waya. Matasa kuwa dariya suke wa kowa, su da aka haifa da abin a hannu, rabin hirarsu Turancin buroka ne, rabi Hausar da kakanninsu ba sa ganewa. Ni a wurina maganar a sarari take. Duk ɓarnar da ake yi da waya jahilci ne ke kawo ta, a koya wa mutane karatu su gyaru. Haka nake faɗa a taron iyaye, da ƙarfi, ina buga tebur.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba yakan biyo ya gaida mahaifiyata, bai taɓa fasawa ba tun rasuwar amininsa. A can muke haɗuwa, a can kuma muke gwabzawa. Yana da wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai da ya ɗaure da roba, ina yi masa tsiya cewa ko ɓarawo ya tsince ta sai ya yi cigiyar mai ita. Wata Juma'a aka kawo maganar wani ɗan dako da ya ga hoton gawar ƙaninsa a waya yana tsakiyar titi da buhu a ka.

Baba ya ce, "Ni ba karatu nake ƙi ba, Malama." In zai tsokane ni yake ce mini Malama. "Wuƙa ma abin amfani ce, amma ba a miƙa wa mutum ita ta wajen kaifi. Wayar nan taku ba ta sallama. Ba ta tambayar ko mutum ya karya, ba ta san a zaune yake ko a kan tsani ba. Faɗowa kawai take yi."

Na ce, "Amma dai ba ta ɓoye wa mutum ubansa har a rufe shi."

Mahaifiyata ta ce, "Ke! Rufa mana baki."

Baba ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Har yanzu, 'yar nan?"

"Har yanzu, Baba."

Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya yi sallama ya fita. Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba. Gani nake na yi magana a madadin duk wanda aka taɓa zaunarwa aka ba shi shinkafa alhali an gama komai a bayansa.

Ranar wata Talata ce da damina, an kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi. Ina aji da yara wajen ƙarfe takwas maigidana ya kira. Shi ma albasa yake sayarwa a Ogbete, labarin motoci ba ya wuce su. Ya ce motar ɗan Inna ta faɗi gaba da garin Otukpo da sassafe, yaron motar ya tsira, shi kuwa ko shurawa bai yi ba. Hausawan garin sun ɗauke shi, sun ce bayan azahar za su rufe shi a can. Ya ƙara da cewa, "Baba ya ce kowa ya kama bakinsa, ya tafi wurinta. Kin ji ko? Kowa."

Na ce na ji. Na koma gaban allo, amma ban san abin da nake rubutawa ba. Lissafin hanya kawai nake yi. Tafiyar awa uku ce in hanya ta yi kyau, ga damina, ga shingayen da ake tsayar da mota. In ta tashi yanzu za ta same shi. In aka ɓata awa biyu ana ya gida ya yara, sai dai a nuna mata tudun ƙasa. Na daure har aka kaɗa ƙararrawar darasi na biyu, na fita baranda na kira maigidana na ce Baba ya faɗa mata?

"Yana can zaune a bencinta, tana suya."

Na ga gindin mangwaron nan, na ga kwanon shinkafar. Na ce wallahi ba za a sake yi wa wata ba ina raye.

Daga makarantarmu zuwa Artisan keke Napep ba ya cin minti goma sha biyar. Da na roƙi malamar ajin kusa ta duba mini yara, da na je da kaina. Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni, kuma amsar ba ta da daɗi. Duk bakin nan nawa, ban taɓa tsayawa gaban mutum na ce masa naka ya mutu ba. Ban san ta inda ake farawa ba, ban san inda ake ajiye ido ba. Shekara da shekaru ina sukar aikin Baba, ban taɓa ɗaukarsa na ji nauyinsa ba. Waya kuwa tana hannuna, kuma ita ba ta buƙatar in kalli kowa.

Na buɗe guruf ɗin mata na rubuta. Na fara da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce Allah ya yi wa wane rasuwa a hatsarin mota, na sa sunansa, na ce ɗan Inna mai ƙosai. Na ce za a yi jana'iza bayan azahar, na kusa da ita su je su ɗauko ta a nemi mota. Gajerun kalmomi na zaɓa, irin waɗanda ɗalibaina ba za su sha wuya ba. Har na koma na gyara wani baƙi da na tsallake, halin malanta. Na ce wa kaina Inna ba ta duba waya in tana suya, matan ne za su gani su ruga. Har yau ban sani ba ko na yarda da hakan, ko kuwa can ƙasan raina so nake ta gani kafin Baba ya gama jan gaisuwarsa. Na tura.

Sauran a bakin Gwaggo na ji shi, ita da ke wurin. Baba dama yakan sha kokon Inna da safe, don haka zuwansa bai ba ta tsoro ba. Gwaggo ce ya ɓoye a rumfar wata mai barkono, inda Inna ba za ta hango ta ba. Ya sayi koko ya ajiye a gabansa yana juya cokali, yana leƙen robar ƙullu. Kasko biyu ya rage ta sauke mai daga wuta. Tun kafin ya baro Ogbete ya kira direbobin da ke tare da gawar da 'yar wayar nan tasa mai roba, ya roƙe su su jinkirta zuwa la'asar, uwar tana tafe. Ya kuma samo ƙaramar mota, tana tsaye bayan rumfunan tumatir da direba a ciki, an sha mai.

Wayar ta yi ƙara a cikin ledar da Inna ke ratayawa a jikin turken rumfa. Ta goge hannu a zani ta ciro. Da ta ga daga wurina ne sai ta washe baki, ta juya ga Baba, wanda take ce wa Alhaji.

"Alhaji, kai da ka ce wayar nan ba ta da tarbiyya, tsaya ka ji ɗalibar Malama."

Ta sa yatsa ta fara haɗawa a fili, tana tsugune gaban kasko, mai yana tafasa. Tana cewa Inna lillahi Baba ya miƙe. Ya ce, "Ajiye. Ajiye wayar nan, baiwar Allah, kwashe ƙosanki tukuna." Ba zai iya kama hannun matar da ba muharramarsa ba, sai ya tsaya a kanta yana ta cewa ajiye. Ita kuwa ta riga ta gane mutuwa aka yi, so take ta ga ko waye. Ta bi layin a hankali yadda na koya mata, Allah ya yi wa, sai ta kai kan sunan. Gwaggo ta ce ba ta haɗa shi ba, faɗarsa kawai ta yi gaba ɗaya, da wata murya da ta sa har masu sauke tumatir suka juyo. Ranar ce rana ta farko da wani mahaluki ya ji sunan nan a bakinta.

Ta zabura za ta miƙe, gefen zaninta ya kama kunnen kaskon.

Motar da aka tanada don ta kai ta wurin ɗanta, ita ta kai ta asibiti. Man ya cinye ta daga cinya har tafin ƙafa, da hannun dama. Mutanen can suka riƙe gawar har la'asar kamar yadda suka yi alkawari, sannan Baba ya kira su ya ce su rufe shi, uwar ba za ta zo ba.

A barandar asibitin na same shi, babbar rigarsa duk mai, tafukan hannunsa biyu a naɗe da bandeji, don da hannu ya cafke kaskon ya janye shi daga jikinta. Na durƙusa a gabansa. Na so ya zage ni, na so ya ɗaga lemar nan ya sauke mini a ka. Bai ko ɗaga murya ba.

"Na sa an jinkirta jana'izar, 'yar nan," ya ce. "Tun na ubanki ban ƙara bari an rufe wani ba a jira nasa ba, in dai da hali. Na ji maganarki tun a mota."

Shekara kusan ashirin yana yin haka, ban sani ba. Ban sani ba don ban taɓa tambaya ba. Ina can ina buga tebur.

Unguwa ta ɗauka, kowa da inda ya ɗora laifin. Wasu suka ce waya ce, wasu suka ce dama karatun mata ba ya haifar da ɗa mai ido, wasu matasa suka ce laifin tsohon ne da ya zauna yana jan ƙafa, da ya faɗa tun zuwansa da an wuce wurin. Wani ma ya ɗauki hoton rumfar da kaskon a kife, kafin magariba ya zaga wayoyin Anaca da Fatakwal. Maza shida suka cire matansu daga ajina a mako guda, sauran suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ban bi kowa gida na roƙa ba. Da wane bakin? Kafin ƙarshen damina na mayar wa Islamiyya makullinsu. Amma ko mace ɗaya ba ta ajiye waya ba. Ajin ne ya mutu, guruf ɗin yana nan, an koma saka murya, an ƙara da hotuna.

Baba bai sake kai saƙo ba. Da aka yi wata rasuwar aka je masa, sai ya ce su duba wayoyinsu, kafin ya ɗaura takalmi an riga shi. Gaskiya ya faɗa. Ba kuma wanda ya gaje shi, don ba aikin da matashi zai so ba ne, ba a biya, ba a godiya. Yanzu mutuwa tana zuwa mana tsakanin tallan atamfa da katin biki, da hoton mamacin yana murmushi, wani lokacin da hoton yadda aka tsince shi. Kana cikin keke, kana yanka albasa, kana riƙe da jariri, duk ɗaya ne. Masu saurin turawa kuma ba jahilai ba ne, yawancinsu sun fi ni takardu. Har yanzu ina koyar da yara da safe, don ita ce sana'ata, amma na daina cewa komai a taron iyaye.

Inna ta yi wata uku a kwance. Na je sau da yawa, in tsaya daga bakin ƙofa in gaida masu jinya in juya. Da ta fara takawa da sanda, 'yan'uwanta suka zo daga Arewa za su tafi da ita, tunda wanda take zaune a kudu dominsa ba ya nan. Ranar da za su tashi ta aiko a kira ni.

Na same ta zaune a kan ƙullin kayanta, ɗakin an kwashe komai, hannun daman ya ƙanƙance, yatsu uku sun manne da juna. Na gaishe ta, ta amsa har da tambayar yara. Na fara neman gafara, kuka ya ci ƙarfina. Ta ce in bari, kwanansa ne ya ƙare, ita ma abin da aka rubuta mata ne ya same ta, ta yafe duniya da lahira. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Sai ta jawo leda ta miƙo mini da hannun hagu. Wayar ce a ciki, da littafin rubutunta.

"Ki ba wata mai buƙata," in ji ta. "Malama, ban yi kuskure ba ko? Alhaji ya ce daidai na karanta."

Na ce daidai ta karanta.

"To. Ai kin iya koyarwa." Ba gatse take yi ba, da zuciya ɗaya ta faɗa. "Ni dai abin da nake tunawa, da ban iya ba, da sai in ajiye ta in ce in yaron nan ya dawo ya karanta mini. Da na sauke kaskona, da Alhaji ya zaunar da ni, da na je na gan shi." Ta gyara mayafinta. "An ce fuskarsa ba ta taɓu ba."

Aka yi kiranta daga waje, mota ta iso. Na riƙe mata sanda har ta shiga, na tsaya a bakin layi har suka sha kwana. Sai da na koma gida na buɗe littafin. Shafi huɗu na farko sunan nan ne kawai, layi bayan layi, na saman a karkace kamar tafiyar kaza, na ƙasan sun fara miƙewa. A gefen kowane shafi akwai alamar da na yi mata da jan biro, na rubuta: Da kyau, a ci gaba.